Daga jarkar ɗan garuwa zuwa teburin daraktoci

Assalamu alaikum, jama'a. Da sassafe a Agege, kafin gari ya gama wayewa, za ku ji ƙarar kura a kan layi, ɗan garuwa ya jero jarkoki yana bi gida-gida. Haka a Idi-Araba, haka a Mile 12. Sana'ar ta zama tamu har Yarbawa ma "mai ruwa" suke kira. To ruwan da ke cikin jarkar nan, wa ya duba tsabtarsa? Wa ya yanke kuɗinsa?

Ruwan famfo ba kamar tumatir ba ne. In mai tumatir ya tsawwala maka, sai ka matsa rumfar gaba. Bututun ruwa kuwa guda ɗaya ne ke shiga layinku, babu mai fasa titi ya shimfiɗa na biyu don ya karya farashin na farko. Kamfanin da ke riƙe da bututun ba shi da kishiya, in ya ga dama ya ƙara kuɗi, in ya ga dama ya bar bututu yana yoyo shekara guda. Shi ya sa ake kafa hukumar sa ido. Ita ke ba da lasisi, ita ke amincewa da farashi, ta gwada ingancin ruwa, ta saurari koken masu biya, ta ci tarar wanda ya saɓa.

A nan Legas, ruwan famfo yana hannun kamfanin gwamnatin jiha, Lagos Water Corporation. Matatarsa ta Iju tun 1915 take aiki, zamanin Gwamna Lugga, sai ta Adiyan da ke jan ruwa daga kogin Ogun. Dokar ruwa ta jiha ta 2004 ce ta tanadi hukumar sa ido, wato LASWARCO. Ruwan leda kuma, lambar NAFDAC ake nema a jikinsa. Sai dai abin da matatun ke fitarwa bai kai rabin buƙatar gari ba, don haka kowa ya koma rijiyar burtsatse, da tanka, da ɗan garuwa. Wata rijiyar kuwa taku kaɗan ne tsakaninta da ramin masai. Duk wanda ya ga kwalarar da ta ɓarke a watan Yunin 2024 ya san ba ƙaramar magana ba ce.

Mu leƙa Ingila, don su sun gwada wata hanyar. A 1989, gwamnatin Margaret Thatcher ta sayar wa 'yan kasuwa kamfanonin ruwa goma na Ingila da Wales, aka kafa hukumar Ofwat ta riƙa yanke musu farashi duk shekara biyar. Thames Water, mai ba Landan ruwa, ya wayi gari da bashin sama da fam biliyan 15. A watan Mayun 2025 Ofwat ta ci shi tarar fam miliyan 122.7, mafi yawanta saboda sakacin da ya yi da ruwan najasa, sauran kuma saboda ribar da ya raba wa masu hannun jari ba bisa ƙa'ida ba. Wata biyu bayan nan, da rahoton Jon Cunliffe, wanda ya jagoranci kwamitin binciken harkar ruwa, ya fito, gwamnati ta ce ita kanta Ofwat za a rusa ta a kafa sabuwa.

Ku lura da abu ɗaya. Cin bashin nan da rabon ribar nan, ba leburan da ke gyaran bututu ne ya yanke su ba. A kwamitin daraktoci aka yanke. Mutane ne 'yan ƙalilan da ke zama lokaci-lokaci, ba su ke tafiyar da aikin yau da kullum ba, wannan na manajan darakta ne. Nasu shi ne su amince da kasafi, su duba littafin kuɗi, su tambayi manaja inda kuɗin gyara ya shiga, in ta kama su sauke shi. Ita ma hukumar sa ido tana da nata kwamitin. In waɗanda ke zaune ba su iya tambaya ba, ko ba su taɓa kwana babu ruwa a gida ba, haka takarda za ta wuce da sa hannunsu.

Ga inda gizo ke saƙar. Ba a ɗaukar mutum kwamiti sai yana da gogewa, gogewar kuma ba ta samuwa sai an zauna a kwamiti. Haka kujerun ke ta zagayawa tsakanin mutanen da suka san juna.

A Ireland ta Arewa, wata mata mai suna Eileen Mullan ta fito da wani shiri a 2017, ana ce masa Boardroom Apprentice, daga baya gwamnatin Birtaniya ta faɗaɗa shi. Wata 12 ake yi. A tura ka wani kwamiti na hukumar gwamnati ko ƙungiyar jinƙai, a ba ka takardun da ake ba kowa, ka zauna a kowane taro, ka ji yadda ake gardama. Ba ka da ƙuri'a, amma an haɗa ka da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin yana yi maka bayani, ga kuma darussa kan karanta lissafin kuɗi da nauyin da doka ta ɗora wa darakta.

Ni wannan bai zo mini baƙo ba, mu ma haka muke koyon kasuwa. Yaro ya zauna a shagon ubangidansa shekaru, yana ganin yadda ake ciniki, yadda ake ba da bashi da yadda ake hanawa, kafin a sallame shi. Ina matuƙar son in ga hukumomin ruwa na Legas sun ajiye irin wannan kujera, a zaunar da 'yar Agege da ta karanta akanta, ko injiniyan da mahaifinsa ya tura kura ya biya masa makaranta. Irin waɗannan sun san nawa jarka take a rani, sun san layin da famfonsa ya shekara a bushe.

Kafin nan, kwamitin da ke kusa da kai ma makaranta ce: na masallaci, na ƙungiyar 'yan kasuwa, na rijiyar burtsatsen unguwa. Ki je, ka je, ku roƙi dattawa su bar ku ku riƙa rubuta abin da aka tattauna. A zama na gaba ku nemi littafin kuɗin rijiyar, ku tambayi nawa aka tara a wata, nawa man janareta ya ci, kuma yaushe rabon da a kai ruwan ɗakin gwaji.