Yadda Rufin Filin Wasa Ke Zuƙe Ruwan Sama Ba Tare Da Famfo Ba

Ku dubi rufin nan da ke inuwantar da dubban 'yan kallo. Idan aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina duk ruwan da ya sauka a kansa yake tafiya?

Bari mu yi ɗan lissafi. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. A ce rufin ya kai murabba'in mita 30,000, ruwa kuma yana zuba milimita 100 a awa ɗaya. Lita miliyan 3 ke nan cikin awar, wato sama da lita 800 a kowace daƙiƙa. Kowace lita kilo 1 ce. Idan ruwan ya samu wurin kwanciya a saman, nauyinsa kaɗai ya isa ya lanƙwasa ƙarfe.

A ginin da aka saba gani, indararo ke tara ruwa ya miƙa wa bututu, bututu ya sauke shi ƙasa. Sai dai akwai abin da ido ba ya gani. Ruwan ba ya cika bututun. Yana shiga ne yana juyawa kamar guguwa, ya manne a jikin bututun, ya bar tsakiya ga iska. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne ruwa, sauran duk iska ce. Shi ya sa ake buƙatar manyan bututu masu yawa, kuma duk wanda aka kwantar sai an karkata shi domin ruwa ya gangara.

To, a filin wasa ina za a jera su? Rufin ya miƙe ne a kan kujeru ba ginshiƙi a gabansa, don kada a tare wa kowa kallo. Ɗakin atisaye ma haka yake, fili ne fetal daga bango zuwa bango.

A nan ne tsarin zuƙo, wanda injiniyoyi ke kira sifon, ya shigo. Wani injiniya ɗan ƙasar Finlan, Olavi Ebeling, shi ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1960. Dabarar kuwa duk wanda ya taɓa janyo ruwa daga ganga da tiyo ya san ta: da zarar tiyon ya cika ba iska a ciki, bakinsa kuma yana ƙasa da gangar, ruwa zai yi ta zuwa da kansa.

Sirrin yana bakin magudanar. Ana ɗora wani faifai a kanta, a bar 'yar tazara ta gefe. Faifan ke hana ruwa yin guguwa, ya kuma toshe wa iska hanya da zarar ruwa ya rufe shi. Lokacin yayyafi babu wani abin mamaki, ruwa na bi a hankali kamar a kowane bututu. Da ruwan ya ƙara ƙarfi sai ya fara tafiya gutsure-gutsure, curin ruwa, curin iska, yana tura iskar gaba. Can sai iskar ta koma kumfa. Daga nan bututun ya cika maƙil tun daga rufi har ƙasa. Nauyin ruwan da ke faɗawa a bututun tsaye sai ya riƙa janyo na bayansa, na bayan ya janyo na kan rufi. Babu inji, babu lantarki. Tsayin ginin shi ne famfon.

Da yake zuƙa ce ke tafiyar da ruwan, bututun kwance ba ya buƙatar gangara. Ana iya rataye shi a miƙe sak a ƙarƙashin rufi, ya kwashi ruwan magudanai da dama, ya kai shi bayan kujeru inda bututu ɗaya siriri zai sauke shi. Haƙan ƙasa ya ragu, kuma saurin ruwan na wanke ƙura da yashin da suka shiga. Da irin wannan tsari aka yi filin wasan Olimfik na Sidni a Ostireliya, wanda ya karɓi gasar shekarar 2000. Ruwan rufinsa ma ba a barinsa ya tafi a banza, tara shi ake yi a tankuna ana ba ciyawar fili.

Amma fa tsarin ba ya yafe ganganci. Kowane lanƙwasa, kowane canjin faɗin bututu, sai an lissafa shi da kwamfuta, domin magudanar da ke nesa da ta kusa su yi zuƙa daidai. Idan ɗaya ta riga sauran shanye ruwanta, za ta shaƙi iska, zuƙar gaba ɗaya ta karye. Don haka idan mai aiki ya ga wani ƙarfe ya tare masa hanya ya kewaya da bututu da ka, ya ɓata lissafin ko da aikin ya yi kyau a ido. Birtaniya har ƙa'ida ta musamman ta fitar kan wannan, BS 8490.

Zuƙar kanta tana da iyaka. Idan ta yi yawa, bututu mara ƙwari sai ya lotse kamar robar da aka tsotse, shi ya sa aka fi amfani da roba mai kauri da ake haɗa gaɓoɓinta da zafi, a kuma ɗaure ta tamau saboda jijjigar da take yi lokacin da take cika. A ƙasa kuma dole a faɗaɗa bututun iska ta shiga, ruwan ya rage gudu kafin ya faɗa kwata.

Sai babbar matsala, wadda a ganina ta fi duk lissafin nan kayar da gine-gine: toshewa. Ganye, leda, sheƙar tsuntsu, wani lokaci har ƙwallon da aka buga ta haye sama. Saboda haka ake kafa layi na biyu na ko-ta-kwana, bakinsa ya ɗan fi na farko tudu, yana kuma zubarwa a fili inda kowa zai gani. Ran da ma'aikatan filin suka hango ruwa na feshi ta wannan bakin, sun san ko dai ruwan ya wuce abin da aka lissafa, ko akwai abin da ya maƙale a sama, sai a hau a duba.