Taya mai inci 26 ko mai 28: wadda na zaɓa wa Mustang ɗina

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ina gaishe ku daga nan Kolombas, jihar Ohayo a Amurka. Yau muna gareji, sanyi ya fara ja da baya, filayen tsere sun kusa buɗewa. Ga tayoyi biyu jingine da bango: ta hagun nan tawa ce, ƙatuwar ta dama kuwa aro na yi wurin maƙwabcina don ku gani da idonku.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu, tseren da muke yi ba na zagaye ba ne. Motoci biyu ke jeruwa, fitila ta ba da kore, a miƙe sambal rubu'in mil, kimanin mita 402 ke nan. National Trail Raceway muke zuwa, kusa da garin Hebron, gabas da Kolombas. Motar kuwa ga ta, Ford Mustang ƙirar 1990, injin lita biyar, giyar hannu. Ƙarfin doki 225 kamfani ya rubuta mata, na ɗan ƙara abin da aljihu ya iya, salansa da hanyar shan iska, shi ke nan. Motar talaka ce, kuma ina son ta ƙwarai.

Ƙanena, matso da kamara nan gefen tayar. Kun ga an rubuta 26x10-15? Lambar farko tsayin tayar ne a inci, ta biyu faɗin fuskar da ke taka ƙasa, ta uku girman rim. Fuskar sumul take, ba zane ko ɗaya, in ka danna farce sai ya shiga saboda laushin robar. Ta maƙwabcina kuwa 275/60R15 aka rubuta, irin rubutun tayar titi. Faɗi milimita 275, gefenta kashi 60 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 165. Ka haɗa gefen sama da na ƙasa, 330, kusan inci 13, ka ɗora a kan rim mai 15, sai ka samu inci 28. Bambancin inci biyu ne kacal, amma a kansa ne mutane da yawa ke zubar da kuɗinsu.

Abin da ke faruwa shi ne, mutum ya je fili ya ga manyan motoci masu turbo da ƙatuwar taya, sai ransa ya biya. Ya manta cewa waɗancan suna da ƙarfin doki dubu ko fiye, matsalarsu yadda za su sauke ƙarfin a ƙasa ba tare da taya ta yi ta juyawa a banza ba. Mu masu ɗari biyu da 'yan kai, damuwarmu daban ce. Ƙarfin kaɗan ne, ba ma son ko ɗigonsa ya tafi wajen jan nauyin da ba dole ba.

Tsayin taya giya ne. Wannan ita ce maganar da nake son ku riƙe. Doguwar taya tana cin ƙasa da yawa a juyi ɗaya, saboda haka injin yana shan wahala kafin ya juya ta, kamar mai keke da ya ɗora sarƙa a babban giya yana son tashi daga tsaye. Bari in nuna muku a kan kwalin nan. Akwai lissafin da kowa ke amfani da shi a nan: gudun mota a mil cikin awa ɗaya, sau giyar aksil ɗin baya, sau 336, a raba da tsayin taya. Abin da ya fito shi ne juyin injin a minti ɗaya, in kana giya ta huɗu wadda ke tafiya ɗaya da ɗaya. Giyar bayana 3.73 ce. Mu ɗauka zan ƙetare layin ƙarshe da gudun mil 100. Da taya 26, injin yana kusan juyi 4,820. Da taya 28, ya sauko 4,476. Injin irin nawa yana jan aiki har ya haura dubu biyar, to ko da 26 ɗin ma da saura. In na sa 28, giyar tawa ta koma tamkar 3.46, tashin farko ya yi nauyi.

Wani zai ce ai sai ka canza giya zuwa 4.10. Gaskiya ne, ana yi. Amma 4.10 da taya 28 kusan 3.81 ke nan da taya 26. Ka sayi giya, ka biya bakanike ya buɗe aksil ya daidaita haƙora, kuma aikin hannu a ƙasar nan ba arha, duk don ka dawo inda kake tun farko. Ni dai kuɗin nan na fi so su tafi ga man fetur da kuɗin shiga fili, in yi ta gwaji har ƙafata ta san kuloci.

Faɗi kuma ba zan daɗe a kansa ba. Inci 10 ya ishe ni, wasu masu irin motata 8.5 suke sawa kuma tana kama musu. Filin tsere ana fesa masa wani abu mai danƙo, takalminka ma sai ya manne. In taya ta kama fiye da ƙarfin injin, sai motar ta yi kamar za ta mutu a tashi, ko kuma bugun ya koma kan aksil da giyabos. Giyabos ɗin waɗannan Mustang, T5, an san ba ya jure duka.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da na ɗauki wannan mai laushin gefe maimakon radiyal, wato irin ta maƙwabcina mai harafin R a lambarta. Duba, in na matsa gefenta da gwiwa sai ya lotsa. Lokacin da ka saki kuloci, gefen nan yana yamutsewa, yana shanye bugun kafin ya kai ga ƙarafa. Radiyal gefenta da tauri, ta fi dacewa da mota mai giya otomatik wadda ke sakin ƙarfi a hankali. In ta fara zamewa kuma, da wuya ta sake kamawa sai ka ɗaga ƙafa daga totur. Amma a yi hattara: in ka sa mai laushin gefe a baya, ka bar tayar titi radiyal a gaba, motar takan yi rangaji a ƙarshen fili, inda gudu ya fi yawa. Ba abin wasa ba ne wannan, rai ne a ciki. Shi ya sa nawa na gaba ma sirara ne irin ƙirarsu ɗaya. Kuma taya mai laushin gefe tana ƙara tsayi in gudu ya yi yawa, don haka a bar mata sarari. Ku dubi nan cikin madigadi, da 26 hannuna na shiga har wuyan hannu. Da muka gwada 28 ɗin, sai an nemo guduma an daki ƙarfen ciki kafin ta zauna.

Sabuwa daga Mickey Thompson, waɗanda ofishinsu ke nan Ohayo a garin Stow, ko Hoosier na Indiyana, kowace ɗaya takan haura dala 200. Saboda haka da yawanmu gwanjo muke saya, kamar yadda ake sayen taya Beljiyam a gida. In za ka saya, duba 'yan ramukan nan da ke fuskarta, su ne ma'aunin sauran robar. In sun kusa shafewa, ta gama aiki. In akwai lambar DOT ta ma'aikatar sufurin Amurka a gefe, huɗun ƙarshe mako ne da shekarar da aka ƙera ta. Roba in ta tsufa takan bushe ko da ba a ci ta ba. Sannan ka tafi da tef irin na tela. Ka hura musu iska daidai wa daida, ka zagaye kowace da tef. In bambancinsu ya wuce rabin inci, ka bar musu kayansu, domin motar za ta riƙa jan ka gefe guda.

Iska zan fara da fam 14, in riƙa ragewa rabi rabi ina duba takardar da ake ba mu bayan kowane gudu. Lambar da nake kallo ita ce ta ƙafa 60 na farko, nan ne ake gane ko taya ta kama ko ba ta kama ba.

Saura abu ɗaya kafin masu duba motoci su bar ni in shiga. Dokar NHRA, ƙungiyar da ke kula da irin wannan tsere a Amurka, ta ce motar da ke cinye rubu'in mil a sakan 13.99 ko ƙasa da haka da irin wannan tayar mara zane, dole a ɗaura wa furofelarta zoben ƙarfe, don in ta karye kada ta caki ƙasa ta wuntsila motar. Hular kwano ma daga sakan 13.99 ɗin nan take zama dole. Zoben ya iso, ga shi can cikin kwali, shi za mu ɗaura a bidiyo na gaba in Allah ya kai mu. Ƙanena, miƙo min jak ɗin can. Sai an jima, jama'a.