Madubin cikin ido da yadda yana ke rufe shi

An rubuto daga laccar da wani likitan ido ya yi a Damagaram.

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, 'yan'uwa, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji? Madalla. Abu uku zan taɓo: ginin madubin cikin ido, girmansa, sai cututtukansa.

Na farko. Bayan baƙin nan na tsakiyar ido akwai wani ɗan madubi garau, faɗinsa wajen milimita 10. Shi ke daidaita gani: ya kumbura in za ki zura zare a allura, ya baje in kika hango duwatsun Birni daga nesa. Babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, ruwan cikin ido ke ciyar da shi.

Na biyu. To ga abin da har gobe yake ba ni mamaki, ku ba ni hankalinku. Madubin nan yana fara tsirowa tun ciki yana wajen sati 4, wata ma ba ta san tana da juna biyu ba. Daga nan ba ya daina girma har mutuwa. Fata tana saɓa, jini yana sabuntawa, gashi a aske ya fito. Shi kuwa ba ya zubar da komai. Sabon ɓawo ne ke hawa kan tsohon, kamar albasar Galmi, tsohon yana nan a tsakiya. Alhaji, shekarunka nawa? 70? Allah ya ƙara lafiya. To tsakiyar madubin idonka ta girmi ranar sunanka, Alhaji, ta girme ta! Da ita ka ga fuskar mahaifiyarka, da ita kake kallona yanzu. Kuma don haske ya samu hanya, ƙwayoyin da ke ciki suna zubar da kayan cikinsu kaf, saboda haka in abu ya lalace ba mai gyara. Na maimaita, ba mai gyara. Subhanallah.

Shi ya sa in an wuce 40 yake taurarewa, karatun kusa ya gagara. A kira jika ya karanta saƙon waya, shi ya sa jikoki suka san sirrin kowa a garin nan. Wannan tabarau ne maganinsa.

Sai na uku, yana. Mutane suna zaton wata fata ce ta tsiro a kan ido. A'a, madubin ne da kansa ya dushe. Tsufa ne babban dalili, sai ciwon suga, taba, zafin rana, bugu a ido, da magungunan kotizon masu rage kumburi da ake saye a tebur. Yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya. Iyaye mata, in kun ga fari a tsakiyar idon jariri, kada ku jira. Aikin kuwa, a cire dusasshen a sa na roba, wanda wani likitan ido, Harold Ridley, ya fara sa wa mutum a Landan a 1949. Na'am Hajiya, bismillah.

Hajiya ta ce maƙwabciyarta ta kai idonta wurin masu yawo kasuwa-kasuwa, aka soka tsinke, nan take ta ga haske. Hajiya, haka ne, za ta gani. Madubin suka ture ya faɗa can cikin ido, haske ya shiga amma dishi-dishi, tunda ba mai daidaita shi. Bayan nan sai kumburi, ko ƙwayar cuta, ko hawan jinin ido, wanda in ya cinye jijiyar gani ba ta dawowa. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, don ido ne da aikin ƙasa da awa ɗaya zai buɗe. Kuma babu kwalli ko maganin ɗigawa da ke narkar da yana. Idon nata yana ciwo? Ya yi ja? To don Allah, Hajiya, ki rako ta asibiti gobe da safe a auna, a duba ɗayan ma.