Yadda kainuwa za ta iya hura murhu a Yawuri

Jama'a, ku dubi wannan ganyen da ya rufe ruwa a gaɓar Yawuri. Kainuwa ce baƙuwa, asalinta Kudancin Amurka. A 1984 aka fara ganinta a ruwan Legas, daga baya ta bayyana a Kogin Neja da tafkin Kainji. Cikin mako biyu tana iya ninka kanta. Masunci ya jefa koma ya jawo ciyawa, farfelar jirgi ta naɗe, fasinjoji su yi ta jira a tsakiyar ruwa.

To, wannan ciyawar tana ba da gas na girki. Idan aka zuba ta a tanki aka toshe ko'ina iska ba ta shiga, bakteriya za su cinye ta su fitar da gas, wanda fiye da rabinsa metan ne, wato ɓangaren da ke kama wuta.

Matsalar ita ce kainuwa ruwa ce zalla, sama da kashi 90 cikin ɗari, ɗan abin da ya rage kuma zare ne mai tauri. Bakteriyar tankin da aka saba, masu aiki a zafin digiri 35, sai su yi ta fama da shi, ganyen ya taso sama ya daskare kamar tabarma, gas ya ƙi fita.

Akwai wasu bakteriyar da zafi ne abin sonsu, wajen digiri 55. Ku tura hannu cikin tsibin taki mai turiri, ɗumin da za ku ji aikin irinsu ne. Su kan warware zaren nan da sauri, tanki ya ba da gas cikin kwanaki kaɗan, zafin kuma ya rage ƙwayoyin cuta a ragowar da za a kai gonar shinkafa.

Sai dai ba sa jure sauyin zafi. Daren hunturu ɗaya na iya dakatar da su, dumama tanki kuma kuɗi ne. Shi ya sa, a ganina, magidanci ya fara da hanya mai sauƙi: a daddatse kainuwar, a bar ta ta sha iska, a tsiba ta da kashin shanu, a lulluɓe na 'yan kwanaki har ta yi zafi ta yi laushi, sannan a dama a zuba a tanki. Kada a bar ta ta daɗe a tsibin, domin abincin da zai zama gas zai ƙone a nan. Tankin kuma a binne shi a ƙasa, a rufe samansa da ƙaiƙayin shinkafa saboda sanyin dare.