Ba albasa, ba tafarnuwa: wahalar cin abincin waje a Manchester

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, a bakin titin Wilmslow nake, nan Rusholme. Yau raina a ɓace yake, shi ya sa na kunna kyamara tun ban kai gida ba, don in na huce cewa zan yi a bar maganar.

Yanzun nan na fito daga wani gidan abinci. Ba zan kama suna ba, halalinsu suke nema. Tun kafin in zauna na gaya wa yaron da ke kawo abinci cewa ba na cin albasa, ba na cin tafarnuwa, ba na cin alkama. Ya ce ba komai. Ya je ya ɗauko wani ƙaton fayil mai layi-layi, yana bi da yatsa yana nuna min: wannan kazar ba alkama, ba madara, ba gyaɗa. Na ce albasa fa? Ya ce zai gaya wa kuku. Aka kawo kaza tana ta tururi, ko sili ɗaya na albasa babu a kanta, wannan gaskiya ne. To amma miyar da take kwance a ciki fa? Loma ɗaya na san da albasa aka ɗora tukunyar. Da na yi magana, wai ai markaɗa ta aka yi, ba zan gan ta ba. Bawan Allah, idona ne ke ciwo ko cikina? Fam goma sha takwas har da kuɗin ruwa, na biya na fito da yunwata.

Wanda bai ga bidiyon baya ba, ga abin da ake ciki. Na daɗe ina fama da kumburin ciki da murɗa, wata rana gudawa, wata rana kuma bayan gidan ya ƙi fita. Aka yi gwaje-gwaje, likita ya ce IBS ne, wato hanjin ne mai saurin fushi, ba gyambo ba ƙari. Sai aka haɗa ni da wata ma'aikaciyar asibiti masaniyar abinci, ta ɗora ni a kan tsarin da ake kira FODMAP. A Jami'ar Monash ta Melbourne, can Ostiraliya, aka fito da shi, tun 2005 sunan yake yawo. Akwai wasu nau'o'in sukari a abinci da ƙaramin hanji ba ya iya tsotsewa da kyau, sai su gangara babban hanji su jawo ruwa, ƙwayoyin da ke zaune a can su yi ta shagali a kansu, iska ta cika ciki. Dabarar ita ce a janye su gaba ɗaya na mako biyu zuwa shida, sannan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin.

Da ta miƙo min takardar abubuwan da zan bari, shiru na yi. Albasa, tafarnuwa, alkama, wake, madara, zuma, tuffa, mangwaro, kankana. Na buga wa Hajiyarmu a Kano na karanta mata, ta ce, "Kai, wannan ba likita ba ne, maƙiyi ne. Basir ne kawai ke damunka, in an samu mai tahowa zan aiko maka da sassaƙe." Allah ya ƙara mata lafiya. Ita a wurinta ciwon ciki iri biyu ne a duniya, basir da olsa.

Amma abin da ya ƙona min rai yau shi ne fayil ɗin nan. A ƙasar nan, tun Disambar 2014 doka ta tilasta wa duk mai sayar da abinci ya gaya maka in akwai ɗaya daga abubuwa 14 masu tayar da alaji, wato jiki ya ƙi abu har ya kumbura ko numfashi ya sarƙe: gyaɗa, riɗi, ƙwai, madara, kifi, jatan lande da danginsa, waken suya, alkama da 'yan uwanta, har da seleri. Ba wasa suke yi da abin ba. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi a filin jirgin Heathrow, ashe da riɗi a ciki kuma ba a rubuta a jikin ledar ba, ta ci, ta yanke jiki a cikin jirgi a hanyarsu ta zuwa Nice, rai ya yi halinsa. Iyayenta ba su zauna ba sai da aka kafa doka da sunanta, ta fara aiki 1 ga Oktoba 2021. Wannan na yaba musu, wallahi. Sai dai albasa da tafarnuwa ba sa cikin 14 ɗin. Irinmu ba kashe mu suke yi ba, kwana kawai suke hana ka. Don haka kana cewa akwai abin da ba ka ci, yaro zai ruga ya ɗauko fayil, fayil ya ce lafiya lau, shi ke nan ya sauke nauyi.

Abin dariyar ma, ɗan abincin da aka riga aka ƙunshe a roba a kanti ya fi min sauƙi a kan gidan abinci mai tebur da fure, saboda dokar Natasha ta ce a rubuta duk abin da ke ciki, ba 14 ɗin kaɗai ba. Fam huɗu, ka juya bayan robar ka karanta da idonka.

Kuma ku dubi inda ƙafata ta kawo ni. Wannan titin da ke bayana shi ake ce wa Curry Mile, gidajen abincin 'yan Pakistan da Larabawa da Kurdawa ne jere, yawancinsu halal, abin da ke kawo irinmu ke nan. To yawancin miyar kori da ake sayarwa daga ƙatuwar tukunya ɗaya ake ɗiba, wadda aka dafa albasa a ciki har ta narke. Ba yadda kuku zai raba ta da miyar, ko yana ƙaunarka. Kuma kar wani ya ce maka ka tsince ka ture gefe. Abin da ke tayar da cikin narkewa yake a ruwa, ya riga ya bi romon tun a kan wuta. A mai ne ba ya narkewa. Shi ya sa a gida nake soya tafarnuwa guda-guda a man zaitun, in tsame ta in zubar, in yi girki da man. Ƙamshin na nan, ciwon babu. Lawashi ma an yarda da shi, koren kawai, banda farin gindin.

Ba yabon kai ba, tuwon shinkafar da nake tuƙawa yanzu da miyar kuɓewa, da lawashi da citta da attaruhu, abokin aikina ɗan Ghana har roba yake zuwa da ita. Dunƙule ma na ajiye shi, da yawansu da garin albasa a ciki, ku riƙa karanta bayan kwali.

Inda nake samun sa'ida a waje shi ne wurin Turkawa masu gashi. Tsokar rago a tsinke, gishiri, gawayi, kana kallo. Ko nan ɗin sai ka tambaya ko an kwanar da naman a wani haɗi, don da yawa da ruwan albasa suke tausasa shi. Niƙaƙƙen nama kuwa kar ka kusance shi. Shinkafarsu ma sau da yawa da 'yar taliya a ciki, alkama ce. Farar miyar nan ta 'yan Labanan da ake dangwala kaza a ciki, kusan tafarnuwa ce zalla da mai. Ni dai gasasshen kifi, dankali, lemon tsami, a gefe a ba ni latas da kokwamba ba a zuba musu komai ba. Kuma da rana nake zuwa, lokacin da kicin ba ya ci da wuta, ba daren Asabar ba. In ka zo ana layi, ba mai lokacinka.

Abin da ya fi min wuya kunya ce. An tashe mu a kan cewa ba a yi wa abinci tambaya, abin da aka ajiye maka ka yi bismillah. Yanzu ga ni ƙato da gemu ina tsare ɗan mutane da "me aka zuba, da wane mai, a wace tukunya", abokai suna sunkuyar da kai. Wani cikinsu ya ce in riƙa cewa alaji gare ni kawai, a nan ne za su tsorata. Na ƙi. Kana faɗin haka sai kicin ya tsaya, a sake wuƙa, a sake katako, wani wurin ma su ce ba za su iya ba ka komai ba. Kuma akwai mutanen da wannan kalmar ita ce tsakaninsu da kabari, ba zan are ta don kumburin ciki ba. Cewa nake likita ne ya hana ni, in na ci ina kwana ina murƙususu. Mai tausayi ya gane.

Ku kuma da ke turo min saƙo wai in aiko muku da takardar ku bi, ba zan aiko ba. Kar ka janye alkama kafin a yi maka gwajin jinin cutar siliyak, wadda alkama ke cinye hanji, don in ka riga ka bari gwajin zai iya fitowa lafiya alhali ba lafiya ba. Kuma tsarin ba na zama ba ne har abada, na bincike ne. Manhajar Monash tana nan mai alamar ja da ɗorawa da kore, ta kuɗi ce, amma ba ta maye gurbin likita.

Nan gaba kaɗan za mu fara dawo da abubuwan. Uwargida ta ce in fara da mangwaro. Ni albasa nake so a fara yi wa shari'a, saboda tsire. Yajin da ake sayarwa a shagunan Moston Lane kusan duk wanda na ɗaga da tafarnuwa a ciki. Kafin nan, duk wanda ya san mai nama a garin nan da zai yarda ya gasa min da ƙuli-ƙuli da citta da gishiri kawai, don Allah ya taɓo ni, ko nawa ne zan biya.