Girar da ba ta gogewa: lalle aka sa ko jarfa aka yi?

Assalamu alaikum. Wannan hoton da kuke gani, irinsa ne ke ta yawo a wayoyin matan Katsina kwanan nan. Gira ta fita tsaf, kwalli ya zauna, leɓe ya yi ja, kuma wai ko an wanke fuska da sabulu ba abin da zai goge. Kwalliyar dindindin ce, da allura ake sa launin. Tambayar da ta fi yawa, wato shin lalle ne mai gogewa ko jarfa ce, daga iyayenmu mata take fitowa, Hajiyoyin da suka haura 50, waɗanda gashin girarsu ya fara zubewa, ko ido ya yi rauni, ko hannu na rawa wajen riƙe jagira. Amsar da ake ba su kusan iri ɗaya ce: "Hajiya, ai kamar lalle ne, a saman fata yake, shekara ɗaya ya goge."

To Mama, ba haka ba ne. A tsayar da hoton nan tukuna.

Wannan zanen yana nuna fata ne kamar an yanka ta ta gefe. Layin nan na sama, siriri, shi ne fatar sama. A fuska kaurinsa bai wuce na takarda ba, wajen kashi 1 cikin 10 na milimita. Kullum saɓewa yake yi yana sabuntawa. A jikin matashiya yana zagayowa cikin kamar mako 4, a jikin dattijuwa yakan kai mako 6 ko fiye. Lalle a nan yake tsayawa, shi ya sa bayan biki da mako 2 ko 3 sai ki ga ya bi ruwa. Katambirin da kakanninmu ke zana fuska da shi, shi ma nan ne iyakarsa.

Yanzu ku kalli inda allurar ta nufa. Ta huda layin sama, ta shiga na ƙasa, fatar ciki, inda jijiyoyin jini suke. Nan take ajiye launi. Jiki yana ganin baƙo sai ya turo ƙwayoyin garkuwa su haɗiye ƙwayoyin launin, amma sun fi ƙarfinsu, sai su zauna da su a wurin. In ƙwayar garkuwar ta mutu wata ta karɓa. Abin da ya hana shi gogewa ke nan. Wannan aikin kuwa mun san shi tun kafin a kawo inji, shi ne wanzami ke yi da aska da baƙin tukunya, sunansa jarfa. An canza kayan aiki, an canza launi, an sa masa suna maikurobiladin, amma wurin da launin yake zama bai canza ba.

Gaskiya ne yana dusashewa. Rana na cinsa, jiki na kwashe ƙananan ƙwayoyin a hankali, cikin shekara 1 zuwa 3 ya kode. Sai dai kodewa daban, ɓacewa daban. Sau da yawa yakan bar inuwa, ja-ja ko toka-toka, ta yi shekaru.

Na san tambayar da ke bakin kowa yanzu: to ya halatta? Hadisin da ya yi hani ga mai yin jarfa da wadda ake yi wa yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ba mu ne masu fatawa ba. Abin da za mu roƙa ɗaya ne: in za a tambayi malam, a faɗa masa aikin yadda yake, allura ce ke kai launi ƙarƙashin fata. Kar a je a ce masa lalle ne a karɓo amsar lalle. Wadda ta rasa gira saboda ƙuna ko jinya, ita ma ta yi wa malam bayanin halinta dalla-dalla.

Mu koma kan zanen, domin duk rigimar fatar manya a nan take, wato zurfi.

Ga fatar 'yar shekara 25, ga ta mai shekara 65. Ku dubi yadda layin ƙasa ya ragu. Sinadarin da ke ba fata kauri da tauri, kolajin, yana raguwa da shekaru, kuma mace takan rasa kusan kashi 30 cikin 100 nasa a shekaru 5 na farko bayan ɗaukewar al'ada. Wurin da ya kamata launi ya zauna shi ne can saman fatar ciki, kuma a jikin Mama wannan wurin ya ƙara matsewa. In allura ta tsaya sama, launin ya zube tare da ɓawo cikin mako 2, kuɗi sun tafi. In ta zarce ƙasa kaɗan, sai launin ya bazu. Ku kalli nan, mun ɗiga tawada a kan allo, ta tsaya inda aka sa ta. Ga ta kuma a kan tsohon zanin da ya sha wanki. Kun ga yadda ta nashe ta yi gefe-gefe? Haka silin gashin da aka zana siriri yake komawa dunƙulen inuwa. Launin da ya yi zurfi kuma ba ya fitowa baƙi ko ruwan ƙasa, shuɗi-shuɗi yake fitowa ko toka, saboda yadda haske ke ratsa fata. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar jarfa a fuskar wata Gwaggo ya san wannan shuɗin.

Saboda haka nauyin hannun da ya yi daidai a fuskar amarya, a fuskar uwar amarya ɓarna ne.

Hanyoyin yin gira iri biyu ne a kasuwa. Wannan na hannun dama shi ne maikurobiladin, ƙarfe ne mai jerin ƙananan allurai a bakinsa kamar reza, ana tsaga fata da shi layi-layi a cusa launi. Wannan kuma inji ne kamar biro, yana ɗiga launi ɗigo-ɗigo, ya fito kamar an shafa hoda. A ra'ayina, fatar da ta fara tamoji ba ta da haɗi da na farko. Tsaga ce, kuma fata mai laushi ba ta tsaguwa a miƙe, yagewa take yi, ta yi jini, ta bar tabo. Duk komawa gyara kuma sabuwar tsaga ce a kan tsohuwa. Injin ɗigo ya fi sauƙi a kanta, in hannun mai aikin ya iya. Hoton ranar farko na maikurobiladin ya fi kyau a Instagram, wannan ba musu, amma ba a ranar farko za ki zauna ba.

Ga yadda za ki gane zurfi ko da ba ki ganin fuskarki. Ki je da 'yarki ko jikarki ta tsaya ta kalla. Ɗan ruwa-ruwa da ɗigon jini kamar bakin allura jefi-jefi, wannan daidai ne. Jinin da ake ta gogewa da auduga yana dawowa, hannu ya yi nauyi, a dakata. Jini yana koro launi waje, mai aiki ta ga bai kama ba ta sake bi, ta ƙara zurfi, kun ga an shiga uku. Sannan ku dubi yatsun nan guda 3, suna miƙar da fata ta ɓangare 3 kafin allura ta taɓa. Fatar da ta saki dole a miƙe ta sumul, in ba haka ba allura ta riƙa tsalle a kan tamoji, nan zurfi, can sama.

Akwai abin da ke ƙara wa fata sirantaka bayan shekaru, kuma kun san shi: man bilicin. Da yawansu na ɗauke da sinadarin sitiroid ko haidurokwinon. Wadda ta shekara 10 tana shafawa, fatarta ta zama kamar ɓawon albasa, jijiyoyi a waje, ciwo ba ya warkewa da wuri. Irin wannan fatar ba ta allura ba ce, ta likitan fata ce. Ki faɗi gaskiya in an tambaye ki, ba wanda zai kai labari gidan suna.

Sauran matakan da sauri, hotuna za su nuna. Awo da zanen gira da fensir, a zaune za a yi shi, kai a miƙe, ido a buɗe. In aka zana kina kwance, fata ta ja baya, kina tashi wutsiyar gira ta faɗo, ki fito kamar wadda aka yi wa rasuwa. A gajarta wutsiyar, a ɗaga ta kaɗan, domin fata za ta ci gaba da sauka tare da launin. Ki karɓi madubi, kar allura ta taɓa sai kin yarda da zanen. Man kashe zafi, minti 20 zuwa 30. Allura sabuwa a cikin leda, a buɗe ta a gabanki, safar hannu sabuwa, launi a ɗan kofin da za a yar. Ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau duk suna bin allurar da aka maimaita. Launi kuwa, kar a zaɓi baƙi ƙirin. A baƙar fata ruwan ƙasa mai duhu da ɗan ja-ja a ciki ya fi, don in ya warke yakan karkata zuwa toka. Mai furfura ta sassauta duhun launin ƙwarai. Tawadar Allah a kewaye ta, ba a bi ta kai.

Wasu sai sun ga likita kafin su ga mai kwalliya. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, ciwonta na jinkirin warkewa kuma ƙwayoyin cuta na saurin shiga. Mai shan asfirin ko wafarin ko wani maganin hana daskarewar jini za ta yi jini fiye da kima, kuma don Allah kar ta ajiye maganin da kanta saboda gira, shanyewar ɓarin jiki ba abin wasa ba ce. Wadda hujin kunne ko tsaga ya taɓa yi mata tudun tabo, ta haƙura gaba ɗaya. In kuma wutsiyar girar ce ta zube ita kaɗai, ga kasala ga jin sanyi, a fara zuwa asibitin koyarwa ko babban asibiti a auna halittar nan ta wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, wato tayiroid, don rauninta na kawo haka.

Kwallin dindindin ya fi gira haɗari, fatar ido ita ce mafi siranta a jiki, ba ta kai milimita 1 ba, kuma launin da ya bazu a gefen ido cire shi aiki ne. Mai ɗiga maganin hawan jinin ido, ko wadda aka yi wa aikin yanar ido, sai da izinin likitan ido. Leɓe kuma, in kina yawan ƙurajen zazzaɓi a baki, allura na tayar da su, likita kan rubuta asaikulobiya a fara sha kafin ranar. Leɓe mai duhu yana iya ƙara duhu bayan an huda shi.

Yanzu kwanakin warkewa, ku bi hotunan. Rana ta 1 da ta 2, baƙi wuluk, kamar an zana da gawayi, jikoki za su yi dariya. Rana ta 4 zuwa ta 10, ƙaiƙayi da ɓawo. Kar a ɓamɓare, ɓawon na tafiya da launi ya bar tabo. A goge a hankali, a shafa man da aka bayar kwatankwacin ƙwayar shinkafa 1 ga gira biyu, a busasshiyar fata. A nisanci tururin tukunya, dilka, hoda da tsakar rana. Alwala da sujada ma a yi lissafinsu tun kafin a fara, don ba a son jiƙa wurin sosai ko gurza shi a darduma kwana 7 zuwa 10. Lokacin hunturu ɓawon ya fi tsagewa, watan Afrilu kuma gumin Katsina ba ya barin komai ya bushe. Bayan ɓawo ya zube sai girar ta yi kamar ta ɓace. Ba ta ɓace ba, sabuwar fata ce ta rufe ta, launin zai dawo zuwa mako na 4 ko na 6. Ana ce wa matasa su koma gyara bayan mako 6, Mama ta jira 8 zuwa 10.

In aikin ya ɓaci fa? Ana cirewa da hasken lesa, zama da yawa, da zafi, da tsada, kuma a baƙar fata yana iya barin fari ko duhu. Launukan da ke da sinadarin tsatsar ƙarfe ko farin titaniyom, waɗanda suka cika a kayan gira da leɓe, lesa na iya mayar da su baƙi nan take. Don haka ki sa a rubuta miki sunan launin da aka yi amfani da shi ki adana. Kafin duk wannan, ki ce mai aikin ta nuna miki hoton wata sa'arki, mai irin fatarki, wata 3 ko shekara guda bayan aiki, ba hoda ba fitilar ɗaukar hoto. Ku matso da hoton nan kusa, ku duba gefen layin, a tsaye yake ko ya nashe.