Fodkas: Izon da Tua, daga Basalona zuwa turmi na 12

Sani: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Tun makon jiya saƙonni ke shigowa a kan ɗan damben boksin David Izonritei, wato Izon, yau sai mun yi maganarsa.

Maryam: Ai kai ka tayar da ƙurar.

Sani: Ni ne, don na ga an manta da shi. Wannan bawan Allah shi ya ciyo wa Najeriya lambar azurfa a Olamfik ta Basalona a 1992, ajin masu nauyi. A wasan kusa da na ƙarshe ya doke David Tua na Niyu Zilan, sai Felix Savon ya tare shi a na ƙarshe.

Kabiru: Savon! Wannan ai ba a haɗa shi da kowa. Zinare uku, 1992, 1996, 2000, kuma bai taɓa shiga damben kuɗi ba.

Maryam: Ƙasarsa Kyuba ce ta haramta damben kuɗi a lokacin, Kabiru.

Kabiru: Duk da haka. Da ya shiga, da Tyson ya ji jiki.

Maryam: Kai ko Tyson ne ya zo nan, Savon za ka ce.

Kabiru: Zan ce! Kin ga tsawon hannun nan kuwa?

Sani: Ku tsaya mana. Izon ya koma Amurka ya zama ƙwararre, sai ga shi sun sake gamuwa da Tua a Disambar 1996. Turmi 11 suna ba-ta-kashi, Izon na tsaye daram. A na 12 Tua ya saukar masa da hagun nan tasa, aka tsayar da wasa. Nan zuciyata ta karye. A Olamfik ta 1992 turmi uku ne, da hular kariya, alƙalai na latsa maɓalli suna ƙirga naushi. A damben kuɗi kuwa sai ka iya jure turmi 12, ga shi naushi ɗaya na iya rushe maka aikin dare guda.

Maryam: To shi Tuan ma ai bai ci kambun duniya ba. Lennox Lewis ya cinye shi da maki a 2000.

Sani: Shi ya sa nake so mu tattauna ko lambar yabo tana...

Kabiru: Lokaci fa ya ƙure, Malam Sani.

Sani: Kash, ga Nojim Maiyegun, tsohon ɗan damben Najeriya, ko taɓa shi ba mu yi ba. Sai mako mai zuwa.